Ɗan Sanda da Lokacin Salla: Abin da Ya Kamata Ku Sani

A watan Oktoba na 2006, ana tsakiyar azumin Ramadan, wata wasiƙar cikin gida ta rundunar 'yan sandan Manchester da ke Ingila ta faɗa hannun 'yan jarida. Abin da ke cikinta bai taka kara ya karya ba: an roƙi jami'an da ke aiki a wasu unguwanni masu yawan Musulmi da su kauce wa zuwa kamun da aka riga aka tsara a daidai lokutan salla, har watan ya wuce. Kafin a ce kwabo magana ta cika gari. Wasu suka ce shi ke nan, an raba doka gida biyu, ɗaya ta Musulmi, ɗaya ta sauran jama'a. Rundunar ta fito ta ce ita ba ta hana a kama kowa ba, jan hankali kawai ta yi domin a yi aiki da lura.

Zamanin ma ya taimaka wajen rura wutar. Shekara ɗaya da 'yan watanni ke nan da harin bama-bamai na 7 ga Yuli 2005 a Landan, wanda ya kashe mutum 52. Wata huɗu kafin wasiƙar kuma, 'yan sanda kusan 250 sun kai samame wani gida a unguwar Forest Gate ta Landan, suka harbi mutum ɗaya a kafaɗa, suka tsare shi da ɗan'uwansa, daga baya aka sake su ba tare da an tuhume su da ta'addanci ba. Kowane ɓangare yana ganin shi ake cuta.

Har yau ba a daina wannan jayayya ba, a Ingila da Amurka da Kanada da sauran ƙasashen da Musulmi ke zaune a matsayin marasa rinjaye. Abin da ke sa ta ƙi ci ta ƙi cinyewa shi ne ana cakuɗa tambayoyi uku a tukunya ɗaya. Ta farko: wanda 'yan sanda suka tsare, yana da haƙƙin ya yi ibadarsa? Ta biyu: ɗan sandan da kansa, idan mai addini ne, me aikinsa zai ƙyale masa? Ta uku: addinin wanda ake nema zai iya sa a jinkirta kamu ko bincike? Kowace da amsarta, kuma idan aka raba su, yawancin hayaniyar kan kwanta da kanta.

Me doka ta ce?

A Burtaniya, tushen maganar shi ne sashe na 9 na Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai, wadda ƙasar ta shigar cikin dokokinta a 1998. Sashen ya raba abu biyu. Abin da mutum ya yi imani da shi a zuciyarsa, babu hukumar da ke da ikon taɓa shi. Bayyana imanin a aikace kuwa, kamar salla, azumi, sutura da taron ibada, shi ma haƙƙi ne, amma hukuma na iya taƙaita shi idan doka ta ba da dama kuma akwai buƙata ta gaske: tsaron jama'a, zaman lafiya, kiwon lafiya, ko kare haƙƙin wasu.

Dokar Daidaito ta 2010 ta ƙara wani abu. Ko da an kafa ƙa'ida ɗaya ga kowa da kowa, idan ta fi takura wa mabiya wani addini, sai wanda ya kafa ta ya nuna cewa manufarta halastacciya ce, kuma takurar ba ta wuce gwargwadon buƙata ba. Wato dai ba a kashe sauro da guduma.

Ma'anar wannan a aikace ita ce nauyin kawo hujja yana kan hukuma. Ɗan sandan da ya ce wa mutum "ba za ka yi salla yanzu ba" shi ne zai faɗi dalili. Idan dalilin na gaske ne, doka tana bayansa. Idan ƙyuya ce ko ƙiyayya, ta juya masa baya.

Wanda ke bayan kanta

Mu ɗauka an kama wani magidanci da rana tsaka a watan Disamba, aka kawo shi caji ofis a wani gari na Ingila. Abu na farko, za a tsayar da shi gaban sajan mai kula da waɗanda aka tsare, wanda doka ta ce bai kamata ya kasance cikin masu binciken laifin ba. Sajan zai buɗe masa rajista, ya karanta masa haƙƙoƙinsa, ya tambaye shi lafiyarsa, da maganin da yake sha, da irin abincin da yake ci. Za a karɓe belet da igiyar takalmi, sau da yawa har da carbi, don gudun kada mutum ya cutar da kansa. Sannan a rufe shi a ɗaki mai benci da katifar roba da masai a kusurwa.

A wannan lokaci na hunturu, azahar tana shiga da misalin ƙarfe 12, magariba kuma kafin ƙarfe 4. Salloli uku ke nan cikin awa huɗu. Mutumin ba shi da agogo, ba shi da waya, bai san gabas ba, bai san yamma ba. Ba zai iya tashi ya ɗauko buta ba, ba zai iya fita ya tambayi kowa ba. Duk abin da zai yi ibada da shi yana hannun wanda ya kulle shi.

Wannan shi ne dalilin da ya sa amsar tambaya ta farko ta fi kowace sauƙi. Wanda ka ƙwace wa 'yancin motsi, ka ɗauki nauyin abin da ba zai iya yi wa kansa ba. Kuma a tuna, wanda ke bayan kanta zargi kawai ake yi masa, kotu ba ta ce ya yi laifi ba, da yawa ma akan sake su ba tare da an kai su gaban alƙali ba.

Ƙa'idojin da aka fitar a ƙarƙashin dokar aikin 'yan sanda ta 1984, wadda aka fi sani da PACE, sun yi bayani dalla-dalla. A cikin kowace awa 24, a ba wanda aka tsare babban abinci sau ɗaya da ƙarami sau biyu, kuma a yi iya ƙoƙari abincin ya dace da addininsa. A ba shi hutun awa 8 a jere babu tambayoyi. Idan ana yi masa tambayoyi, a riƙa tsagaitawa kusan duk bayan awa biyu. Wannan tsagaitawar kaɗai ta isa mutum ya yi alwala ya ba da farali, tunda sallar azahar ba ta cin minti goma. Shi ya sa a ofisoshi da dama za ka tarar an ajiye darduma da Alƙur'ani da Littafi Mai Tsarki a kabad, wasu ɗakunan kuma an zana kibiya a silin mai nuna alƙibla. An zaɓi fenti ne saboda abu ne da ba a iya ɓalle shi a yi makami da shi. Hatta ƙa'idar da ta shafi waɗanda ake zargi da ta'addanci, waɗanda ake iya tsarewa har kwana 14, ta ce a ba su damar ibada gwargwadon yadda zai yiwu.

Azumi ya fi salla buƙatar tsari. Idan Ramadan ya faɗo cikin bazarar Turai, a arewacin Ingila rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe goma saura na dare, kuma azumin kan kai awa 18 ko fiye. Abin da ake nema a nan shi ne a matsar da lokacin abinci zuwa sahur da buɗa-baki. 'Yan sanda ma suna da riba a ciki, domin bayanin da aka ɗauka daga bakin mutumin da yunwa da ƙishirwa suka galabaitar, lauyansa na iya ƙalubalantarsa a kotu.

Ba Burtaniya ce ta ƙirƙiro wannan tunani ba. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da fursunoni, waɗanda aka sabunta a 2015 aka sa musu sunan Nelson Mandela, sun ce a bar wanda ke tsare ya biya buƙatunsa na addini gwargwadon hali, ya riƙe littattafan ibadarsa, ya kuma gana da malamin addininsa.

Inda aka yi sakaci kuwa, an biya da tsada. A birnin New York na Amurka, wasu mata biyu Musulmi sun kai ƙara a 2018 saboda an tilasta musu cire hijabi domin a ɗauki hotonsu bayan an kama su. Rundunar ta sauya ƙa'idarta a 2020, ta yarda a ɗauki hoto da lulluɓi muddin fuska a buɗe take. A watan Afrilu na 2024 birnin ya amince ya biya diyyar dala miliyan 17.5, wadda ta shafi mutum fiye da 3,600, maza da mata, mabiya addinai daban-daban. Hoton fuska ake buƙata don a gane mutum, kuma tun farko ana iya samunsa ba tare da an tuɓe wa kowa ɗankwali ba.

Ɗan sandan da kansa

Tambaya ta biyu ta fi ta farko sarƙaƙiya, saboda ɗan sanda ba tsare shi aka yi ba, shi ya nemi aikin, kuma kakin da ke jikinsa na hukuma ne.

Mabiya addinin Sikh ne suka share wannan hanya da rawaninsu. A Kanada, rundunar 'yan sandan tarayya mai jan kaki ta amince da rawani a 1990 bayan doguwar taƙaddama, Baltej Singh Dhillon ya zama na farko da ya sa shi a bakin aiki. 'Yan sandan Landan sun yarda da hijabi a 2001. Scotland da Kanada suka bi sahu a 2016, Ireland a 2019. A ƙarshen 2016 rundunar New York ta ba da izinin rawani da gemun da bai wuce rabin inci ba.

Wasu ƙasashen sun ɗauki akasin wannan hanya. A Faransa, ma'aikacin gwamnati ba ya sa alamar addini a bakin aiki, ko wane addini ne, bisa tsarin raba addini da hukuma wanda ya samo asali daga dokar 1905. Lardin Quebec na Kanada ya kafa doka a 2019 da ta hana sababbin 'yan sanda da malaman makarantun gwamnati sa alamar addini. Hujjarsu ita ce duk wanda ya ga ɗan sanda, hukuma ya kamata ya gani, kada ya ga coci ko masallaci.

Shari'o'i biyu daga kotu ɗaya a Amurka sun nuna yadda ma'aunin ke rawa. A 1999, wasu 'yan sanda biyu Musulmi a birnin Newark sun yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara kan batun gemu. Rundunarsu tana ƙyale gemu ga masu ciwon fatar da aski ke tayarwa, amma ta hana masu dalilin addini. Alƙali Samuel Alito, wanda daga baya ya zama alƙalin Kotun Ƙoli, ya rubuta hukuncin da ya nuna cewa idan gemun mai ƙuraje bai rushe tsarin aiki ba, na mai ibada ma ba zai rushe shi ba. Shekara goma bayan haka, a 2009, wannan kotu ta goyi bayan birnin Philadelphia da ya hana wata 'yar sanda sa hijabi, ta karɓi hujjar cewa kaki iri ɗaya yana nuna rashin son kai.

Akwai kuma dalilan da ba su da alaƙa da siyasa. Takunkumin kariya daga hayaƙi mai guba ba ya kama fuska sosai idan akwai gemu, don haka rukunin da ke aiki da shi yana da hujjar gindaya sharaɗi. Mayafin da aka ɗaure a wuya kuma, mai laifi na iya cafkarsa ya shaƙe jami'a. New Zealand ta magance wannan a 2020 da wani hijabi mai maɓallin maganaɗisu, wanda ke ɓallewa da zarar an fizge shi. Matsalar da aka daɗe ana gardama a kanta, tela ne ya warware ta.

Batun salla a bakin aiki kuwa, mafi yawansa tsarin jadawali ne. Jami'in da ke ofis yana da hutun shan shayi kamar kowa, zai iya yin sallarsa a ciki. Juma'a da Idi akan yi musanyen aiki, wanda ya karɓi ranar Kirsimeti a bar masa ranar salla. Amma wanda aka sa gadin ƙofa, ko yake bin sawun ɗan fashi, ko aka kira wurin hatsarin mota, ba shi da damar ya ce a dakata masa. Wannan iyaka ce da babu wani mai hankali da ke jayayya a kanta.

Kamu, samame da bincike

A nan ne wasiƙar Manchester ta faɗo, kuma a nan ne masu suka suke da magana mai nauyi. Idan ɓarawo ya san akwai lokutan da ba za a taɓa shi ba, ai an ba shi mabuɗin gudu. Wanda aka yi wa fashi ko matar da mijinta ke duka ba za su jira a idar da asham ba, kuma sau da yawa su ma Musulmi ne. Babu wata doka a Burtaniya da ta ba mai salla kariya daga kamu, kuma bai kamata a yi ta ba.

Sai dai kamu iri biyu ne. Akwai na gaggawa, inda rai ke cikin haɗari, ko mai laifi zai tsere, ko za a ɓatar da shaida. Wannan ba ya jiran komai. Akwai kuma wanda aka tsara tun kwanaki, misali mutumin da ya ƙi amsa sammacin kotu kan tara. A irin wannan, 'yan sanda dama su ke zaɓen rana da sa'a, kuma kullum suna duba abubuwa da yawa: yara suna gida? Titi ya cika? Akwai biki ko zaman makoki? Sanin lokacin salla ƙari ne a kan wannan lissafi. Wanda ya je kama mutum ɗaya a ƙofar masallaci ana fitowa daga Juma'a, ya sa kansa tsakiyar ɗaruruwan mutane, abin da jami'i biyu za su gama cikin ruwan sanyi da safe sai ya koma tarzoma. Wanda ya je gida lokacin tarawihi kuma, mai gidan ma ba ya nan.

Haka abin yake wajen bincike. Ƙa'idar tsayar da mutum a titi a caje shi ta ce idan ana buƙatar a cire abin da ya rufe kai ko fuska, kuma akwai dalilin addini, a yi shi inda idon jama'a ba ya gani, kuma idan zai yiwu mace ta duba mace. Binciken yana nan daram, wurin yin sa da mai yin sa ne suka sauya.

Masallaci ma bai zama mafaka ba. A watan Janairu na 2003, 'yan sanda sun kutsa masallacin Finsbury Park da ke Landan cikin dare, lokacin da wani mai wa'azi mai tsattsauran ra'ayi, Abu Hamza, da mutanensa suke riƙe da shi. Sun fito da bindigar wasa mai kama da ta gaske, da na'urar girgiza mutum da lantarki, da gwangwanin barkonon tsohuwa. Rundunar ta ce ta taƙaita bincikenta ga ofisoshi da ɗakunan kwana, ta kauce wa wurin salla. An yi aikin, an kuma nuna wa sauran masallata cewa ba da addininsu ake faɗa ba.

Wani abin lura shi ne kada a ɗauka Musulmi duk ra'ayinsu ɗaya ne. Ɗauki batun karen 'yan sanda mai shinshina kaya. A mazhabar Shafi'iyya da Hambaliyya kare najasa ne, a Hanafiyya, wadda akasarin Musulmin Burtaniya 'yan asalin Pakistan da Indiya da Bangladesh ke bi, yawunsa ne najasa, a Malikiyya kuwa da muke bi a ƙasar Hausa, kare mai rai ba najasa ba ne. Ko a inda ake ganin najasa ne, maganin abin wanki ne da ruwa. Jami'in da ya karanta takarda ɗaya ya ɗauka ya gama sanin Musulmi zai yi kuskure ta ɓangare biyu: ya ji tsoron abin da ba matsala ba ne, ya kuma taka abin da yake matsala. Tambayar mutum cikin ladabi ta fi dogon zato.

Sauƙin da ke cikin addinin kansa

Masu muhawarar nan da yawa suna magana kamar salla ƙararrawa ce da idan ta kaɗa dole a yar da komai nan take. Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta Ahalari ko Ishmawi ya san ba haka ba ne. Kowace salla tana da lokaci mai faɗi, akwai na zaɓi, akwai na larura. Wanda bai sami ruwa ba ya yi taimama. Wanda ba zai iya tsayuwa ba ya yi a zaune, wanda aka ɗaure ya yi da ishara. Wanda bai san alƙibla ba ya yi iya ƙoƙarinsa ya fuskanci inda zuciyarsa ta fi natsuwa. Wanda aka tsare, Juma'a ta faɗi a kansa, sai ya yi azahar. Mara lafiya ya sha azumi ya rama.

Hatta aikin tsaro shari'a ta yi masa tanadi. Aya ta 102 a Suratun Nisa'i ta koyar da sallar tsoro, inda runduna ke rabuwa biyu, wasu na salla wasu na gadi da makamansu, sannan su yi musanye. Malamai kuma sun yi ittifaƙi cewa wanda ke cikin salla ya ga rai zai halaka, wajibi ne ya yanke ta ya kai ɗauki. Yahudawa ma suna da irin wannan ƙa'ida, cewa ceton rai yana gaba da hutun Asabar.

Saboda haka wuraren da aikin ɗan sanda da ibada ke yin karo na gaske, wanda babu yadda za a kauce masa, kaɗan ne ƙwarai. Mafi yawan abin da ake kira rikici bai wuce neman minti goma da ruwan alwala ba. Shi kuma mai ibada yana da nasa nauyin: wanda ya tayar da kabbara don kawai ya ga motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofarsa, ya san ba don Allah ya yi ba.

Ba Musulmi kaɗai abin ya shafa ba

A ranar Juma'ar da Kiristoci ke tunawa da gicciye Almasihu a 2021, lokacin dokar kullen korona, 'yan sanda sun shiga wani cocin Katolika na 'yan Poland a unguwar Balham ta Landan, suka tsayar da ibada ana tsaka da yi. Bayan kwanaki manyan jami'ai suka koma cocin suka nuna nadamar ɓacin ran da abin ya jawo. A watan Oktoba na wannan shekara, aka daɓa wa ɗan majalisa David Amess wuƙa a wurin ganawa da mutanen mazaɓarsa. Wani limamin Katolika ya garzaya don ya yi masa addu'ar ƙarshe, 'yan sanda suka hana shi shiga saboda an killace wurin don bincike. Kukan da aka yi ya sa a 2022 aka gyara ƙa'ida, aka ce jami'ai su riƙa auna irin wannan buƙata maimakon su ƙi ta kai tsaye. Tun 1976 kuma dokar Burtaniya ta ɗauke wa mai rawanin Sikh wajibcin sa hular kwano a kan babur.

Wannan shi ne ma'aunin da ya fi kowane adalci: duk sassaucin da kake nema wa addininka, ka yarda a yi wa na maƙwabcinka? A Najeriya an ɗanɗana wannan tambaya a watan Maris na 2022, lokacin da Sufeto Janar Usman Alkali Baba ya amince mata 'yan sanda su sa ɗankwali a ƙarƙashin hularsu idan suna so. Wasu sun yi murna, wasu sun ce an shigo da addini cikin kaki. Tsarin Mulki na 1999 yana ɗauke da abu biyun da kowane ɓangare ke riƙe da shi: sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini, sashe na 10 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin nata. Wanda ya ji daɗin an tare titi ranar Juma'a, kada ya yi tsaki idan an tare shi ranar Lahadi.

To, a yi sassauci ko kada a yi?

A yi, amma a san inda ya tsaya. Addini yana iya sauya yadda ɗan sanda zai yi aikinsa: wace sa'a, a wane ɗaki, da hannun wa, da wane irin lafazi. Ba ya iya hana a yi aikin. Ga wanda aka tsare, ibada haƙƙi ce. Ga jami'i, abu ne da ake daidaitawa da buƙatar aiki. Ga wanda ake nema, lura ce da 'yan sanda ke yi idan akwai sarari, su ajiye ta idan babu.

Abin da hukuma ke samu a madadin wannan ɗan ƙoƙari shi ne yarda, kuma ɗan sanda ba ya aiki sai da ita, domin shaida da rahoto daga bakin jama'a suke fitowa. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi miliyan 3.9 ne a Ingila da Wales, kashi 6.5 cikin ɗari na jama'a. Rundunar da ta ɓata da su ta toshe wa kanta kunne ɗaya.

A watan Yuni na 2017, a wannan unguwa ta Finsbury Park da aka kai samame shekara 14 baya, wani mutum ya tuƙo mota ya afka cikin masallata bayan an idar da tarawihi. Mutum ɗaya ya rasu, wasu suka jikkata. Jama'a suka danne direban, rai a ɓace, duka ya fara sauka. Limami Mohammed Mahmoud ya shiga tsakani da wasu 'yan mutane, ya hana a taɓa shi, har motar 'yan sanda ta zo wucewa aka tsayar da ita aka miƙa shi da ransa. Kotu ta yanke wa direban ɗaurin rai da rai a 2018. A daren nan masu salla ne suka sauƙaƙa wa doka aikinta, alhali gawar ɗan'uwansu tana kwance a bakin titi.